Ranar da Aka Buɗe wa Manaja Ƙofa

Auta ba ta san an sa motarta a kasuwa ba sai da ɗalibarta ta nuna mata a waya. Suna filin da take koyar da tuƙi, inda ta jera tsofaffin galan-galan ana koyon ratsa tsakaninsu. Ɗalibar wata mai shagon kayan yara ce da ta haura hamsin. Ta riga ta murƙushe galan biyu a safiyar, sai ta tsaya shan ruwa tana latse-latsen waya.

"Malama, wannan ba motarmu ba ce?"

Auta ta karɓa ta duba. Motarta ce, ƙarama shuɗiya, an ɗauke ta gaba da baya, har da lotsawar da wannan matar ta yi mata a ƙofa watan jiya. A hoto na huɗu ga yayanta ya jingina da ita, ya sa baƙin tabarau, ya harɗe hannuwa kamar shi ya ƙera ta. A ƙasa an rubuta: "Mota lafiyayya. Mai ita babban mutum ne, ba ya yawan fita. A nemi Manaja."

"Nan dai ya faɗi gaskiya," in ji Auta. "Ba ya fita. Sai azahar yake tashi."

Ta yi dariya, ta miƙa wa matar wayarta. Motar nan ita ce shagonta, ita ce ofishinta. Shekara huɗu tana tari kafin ta saye ta, ta sa bakanike ya ƙara mata birki na biyu a ɓangaren mai zaman gaba, don in ɗaliba ta nufi katangar mutane ta taka. Matan da mazansu suka gaji da koya musu, ko su suka gaji da tsawar mazan, su ne abincinta. Matsala ɗaya ce: takardun motar sunan Baba suke ɗauke da shi. Ran da ta saya ya ce muddin tana ƙarƙashin rufinsa, ba abu mai taya huɗu da zai amsa sunan 'ya mace.

Da ta koma gida ta tarar da su a falo. Baba yana kujerarsa da rediyo a cinya, Umma tana ninke wanki, yayanta Manaja ya miƙe a doguwar kujera. Sunan nan ya samo shi ne a wani shagon buga takardu inda ya yi mako uku, ya buga wa kansa kati da injin mutane, aka sallame shi. Tun daga nan bai sake riƙe komai ba sai rimot ɗin talabijin.

"Baba, wa ya ce a sayar da motata?"

"Ki fara da sallama," in ji Umma.

"Zauna, Auta, ki ji tsari," Manaja ya ce, bai ko tashi ba. "Wannan 'yar gwangwanin taki nawa take kawowa? Za mu sayar, mu ɗan ƙara, mu sayi bas. Ni zan kula da ita. Ke kina kwance za a riƙa kawo miki kasonki."

"Yaya, ka iya tuƙi?"

"Manaja ba ya tuƙi. Direba zan ɗauka."

"Da me za ka biya shi? Da katinka?"

Baba ya rage rediyo. Ya ce ta dubi abin da idon basira. Ita mace ce, gobe wani zai zo ya ɗauke ta da ita da motar. Shi kuwa yayanta shekara talatin da huɗu ba abin hannu, abokansa duk sun yi gaba, har kunyar fita yake ji. Umma ta ƙara da cewa ai duk gida ɗaya ne, abin Auta na yayanta ne, na yayanta ma nata ne. Auta ta waiwaya ta dubi yayan nata daga sama har ƙasa, tana neman abin nasa da zai zama nata, ba ta ga komai ba sai silifa.

Kwana uku da sa tallar, Manaja ya shigo kicin bakinsa har kunne. An samu mai saye, wani Dokta. Ya nuna mata hotonsa, farar riga da abin awon ƙirji a wuya. Doktan ya amince da farashi nan take.

Auta ta goge hannu ta karɓi wayar, ta karanta hirar tun daga farko.

"Yaya, bai ce a rage ba?"

"Manyan mutane ba sa ciniki."

"Bai tambayi ko injin yana shan mai ba? Bai tambayi shekarunta ba? Ga lotsawa a hoto ƙiri-ƙiri, bai ce uffan ba? Tumatir ma sai an juya shi kafin a saya. Ka kira shi kun yi magana?"

"Kullum yana ɗakin tiyata."

"Yana yanka mutane yana rubuto maka saƙo cikin minti ɗaya? Allah ya jiƙan marasa lafiyarsa."

Ta bi shi falo, ta durƙusa gaban Baba, ta faɗa masa dalla-dalla. Ta ce ɗalibanta biyu an taɓa yi wa mazansu irin wannan. Mutumin ba zai zo da kansa ba, wani zai turo. Zai zo ranar da banki yake rufe. Saƙo zai shigo waya kamar daga banki, alhali kowane ɗan iska mai waya zai iya rubuta irinsa. Kuma zai ce sauri yake yi. Ta ce in dole sai an sayar, a haɗu a cikin banki ranar aiki, a ga kuɗi a asusu da ido, sannan a miƙa makulli da takardu.

"Tofar da yawu," Umma ta ce. "Ke ba kya faɗar alheri ne?"

"Baƙin ciki ne kawai," in ji Manaja. "Ba ta son a ce ni na kawo ciniki."

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Dokta bai samu zuwa ba, tiyatar gaggawa ta taso, ya turo direbansa. Mutum ne tsaf-tsaf, riga a goge, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba. Da ya juyo wajen Manaja sai ya ce, "Ranka ya daɗe." Manaja ya waiwaya baya ya ga ko da wani ake, da ya gane da shi ne sai ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ba a gama shan ruwa ba ƙaramar wayar Baba mai maɓallai ta yi ƙara. Ya sa tabarau, ya nisanta ta, ya kusanto ta, ya karanta saƙon sau biyu leɓɓansa suna motsi.

"Sun shigo," ya ce. "Har da ƙari."

"Dokta ya ce na shan ruwan yara ne," direban ya ce yana kallon ƙasa. "Sai dai, Baba, a taimaka mini, sauri nake. Ƙarfe biyu zan ɗauko shi daga asibiti."

Auta tana tsaye bakin labule, makullin yana cikin tafinta, ta matse shi har ya yi mata shaida. Ta ce ba za ta bayar ba sai an je injin cire kuɗi an duba da katin Baba. Direban bai ɓata rai ba, har yaba mata ya yi, ya ce haka ya kamata, duniya ta lalace. Ya ce a je a motar ma, ya ji lafiyar injin a hanya.

"To ni zan zauna a gaba," in ji Auta.

"Ke da baƙon namiji, kafaɗa da kafaɗa, unguwa tana kallo?" Baba ya ce. "Yayanki zai je. Ba shi makulli."

"Baba, kullum fa a wannan kujerar nake wuni."

"Da mata. Ba shi, na ce."

Ta ja Manaja gefe, ta riƙe hannun rigarsa kamar za ta tsallakar da yaro titi. Ta nuna masa birkinta, ta ce in ya ga abin da bai gane ba ya taka iya ƙarfinsa. In sun isa, kada ya sa ƙafa a ƙasa sai an kashe mota ya zare makulli ya sa a aljihu. Takardu kuma a bar su a gida.

"Ni za ki koya wa harka?" Ya fizge hannunsa. Ya ɗauki takardun a ambulan ya jefa cikin aljihun motar a gaban direban, don a san su ba ƙananan mutane ba ne.

Bayan awa biyu ya dawo a ƙasa, silifa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Labarin kala uku ya bayar kafin la'asar. Da farko ya ce bindiga aka nuna masa. Sannan ya ce su uku ne suka fito daga bayan bishiya. Da maƙwabta suka taru sai ya zama hoda aka hura masa, bai san inda kansa yake ba. Auta ta taka har bankin ta tambayi maigadin wurin, wani dattijo mai sanda, wanda ya sha dariya har yana share ido kafin ya iya magana.

Ya ce layi ya yi tsawo a injin, mutum ya kai ashirin. Mota shuɗiya ta tsaya daidai gabansu. Direba ya fito da gudu, ya zagayo, ya buɗe ƙofar gaba, ya rusuna, ya ce da ƙarfi, "A sauka lafiya, ranka ya daɗe." Na ciki ya daɗe bai fito ba, sai da ya tabbatar kowa ya juyo. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya gyara tabarau, ya sauko da ɗayar, ya ɗaga wa layi hannu. Injin motar yana kunne duk wannan lokacin. Ya taka zuwa gaban layi yana cewa a yi haƙuri direbansa yana jira. Ko da ya waiwayo ya nuna musu direban, sai ƙura.

"'Yata, na ga an saci mota a rayuwata," in ji maigadin, "amma ban taɓa ganin wanda aka sace wa yana ɗaga hannu ba."

A asusun Baba ba abin da ya ƙaru. Lambar Dokta a kashe, hotonsa ma ya ɓace.

A caji ofis, ɗan sandan da yake karɓar ƙara ya tambayi waye mai motar. Baba ya ce shi ne. Ya tambayi wa aka ƙwace wa, Manaja ya ce shi ne. Ya dubi Auta ya ce ita fa? Baba ya ce rakiya ta yi. Aka ce ta jira a benci a waje. Tana jin yayanta ta taga yana cewa motar fara ce, ko dai toka-toka.

Ta ɗauka a gida za a yi kwana biyu ana jin kunyarta. Kwana ɗaya aka yi. Ranar Litinin tana shara ta ji Manaja a ɗakin Umma, ya sassauta murya irin sassautawar da ake so a ji.

"Umma, ki yi tunani. Ta ce zai turo direba, ya turo. Ta ce Asabar, Asabar ya zo. Ta ce saƙo, saƙo ya shigo. Ta ce sauri. Wa ya faɗa mata? Ni dai ban ce da ita aka haɗa baki ba."

"A'a, kada ka ce haka," in ji Umma. "Bakinta ne dai. Tun tana ƙarama in ta ce kofi zai faɗi sai ya faɗi."

Haka gida ya rabu biyu, masu cewa ɓarauniya ce da masu cewa mugun baki gare ta, kuma masu cewa mugun bakin su ne masu ƙaunarta. Wata gwaggonsu ta zo jaje, ta zauna kusa da Manaja tana masa fifita, ta ce Allah ya tsare da ba su kashe shi ba. Da za ta tafi ta ce wa Auta ta rage yawan magana, mace mai hasashe ba ta daɗewa a gidan miji.

Ɗalibai suka fara zamewa. Wadda jarrabawar lasin ɗinta ta matso ta koma wata makarantar. Wata ta ce mijinta ya ce dama bai yarda da harkar ba. Mai shagon kayan yara ta fi kowa daɗewa, kullum sai ta kira ta ce, "Malama, galan ɗin nan suna kewata," har ita ma ta daina. Auta ta riƙa fita da safe a ƙasa, tana bin makarantun tuƙi. Wani ya ce ba sa ɗaukar mata. Wani ya ce ta zo da motarta. Takalminta ya tsinke a hanya, ta ɗaure shi da leda. In ta dawo ta tarar an cinye abinci, Umma ta ce ai an ɗauka ta ci a waje kamar da. Sabulu ya ƙare, gas ya ƙare, Baba ya fara tambaya cikin mamaki ina abubuwan gidan nan suke tafiya. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa tambayar daga ina suke zuwa.

A mako na uku bakanikenta ya tausaya mata. Yana da wata tsohuwar mota a gareji, ya ce zai ɗaura mata birki ya ba ta haya, in ta kawo abin kafin alƙalami. Abu ɗaya ya rage mata mai daraja, 'yan kunne na zinariya da ta saya wa kanta a shekarar farko ta aiki, suna cikin gwangwanin alawa a ƙasan akwatinta. Ta ce masa jibi za ta zo.

Ranar da suka yi wannan maganar ne Manaja ya shigo da gudu yana kabbara. An ga mota! Dama ya rubuta a intanet cewa an sace masa mota, ya sa lambarta da lambar wayarsa. Yanzu wani jami'in bin sawun motoci ya kira, ya faɗi lambar daidai, ya faɗi launi. Tana wani gari mai nisa, kuɗin janwen da za ta jawo ta kawai za a tura, gobe da la'asar tana ƙofar gida.

"Yaya, lambar da launin ai kai ka rubuta su, duk duniya ta gani. Ka ce ya turo hotonta na yau, ko ya faɗi abin da yake cikin—"

Umma ta toshe mata baki da tafin hannu mai warin albasa.

"Don girman Allah, Auta, wannan karon ki yi mana shiru. Ki bari alheri ya iso."

Ta yi shiru. Washegari da safe ta je ta ga motar bakanike, ta zauna a ciki, ta gwada giya, har ta ji ranta ya ɗan yi sanyi. Ta dawo gida ta buɗe akwati. Gwangwanin yana nan, an ma rufe shi da kyau. Ta girgiza shi bai yi ƙara ba.

Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ai motarki za a dawo miki da ita. Da kin sani da ba za ki yarda ba, shi ya sa ba mu tambaye ki ba."

Da la'asar aka fitar da kujeru ƙofar gida. Manaja ya yi wanka, ya sa tabarau, ya gayyaci maƙwabta biyu su zama shaida. Kowace babbar mota ta shawo kwana sai ya miƙe. Mai ɗibar shara ta wuce, ya miƙe. Ta masu ruwa ta wuce, ya miƙe. Maƙwabtan suka tuna suna da uzuri. Da rana ta yi ja ya kira jami'in, aka ce lambar ba ta aiki. Ya shigo da kujerarsa, ya tsaya ƙofar ɗakin Auta.

"Ta rufe bakinta, amma zuciyarta ba ta rufe ba. Ina jin ta tun daga waje."

Ya shige ɗaki ya ce ya daina cin abinci.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Baba ya zo ya tsaya bakin ƙofarta, abin da bai taɓa yi ba. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Auta, ni ba yaro ba ne. Na san kin fi shi hankali. Tun ranar da kika yi magana na san gaskiya kika faɗa."

Ta ɗago ta dube shi.

"To me ya sa, Baba?"

"Namiji ne. In na bi maganarki a gabansa, na karya shi. Ke kina da ƙarfi, ko ina aka jefa ki za ki tashi. Shi in ya faɗi ba zai tashi ba. Ban san yadda zan yi da shi ba, wallahi, ba na barci."

"Shi ya sa ni aka jefa."

Baba ya mayar da hularsa kai. Ya ce kwana biyu yaron nan bai sa komai a cikinsa ba. Ya roƙe ta ta daure, ta kai masa abinci da hannunta, ta ba shi haƙuri, don a zauna lafiya.

"Haƙurin me zan ba shi?"

"Ke dai ki ba shi. Ba sai da dalili ba."

Ta zuba shinkafa da miya a faranti ta kai. A ɗakinsa ta ga ledojin burodi uku da gwangwanin kifi, an tura su ƙarƙashin gado ba su shige duka ba. Ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta, ya ce ya yafe mata duniya da lahira. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya tambaya ko da saura. Tana tattara farantin wayarta ta yi ƙara, bakanike ne yake neman jin ko tana zuwa. Idon Manaja ya bi wayar.

"Wannan wayar taki, Auta, har yanzu tana da kyau fa. Akwai wani da na sani a intanet yana sayen irinta."

Ta miƙe. Ta kai farantin kicin ta wanke, ta kife shi. Ta shiga ɗaki ta zuba kayanta a jaka ɗaya, ta cusa wayar cikin rigarta, ta ɗauki lasin ɗinta, abu ɗaya mai sunanta a duk gidan. Umma tana shanya ta ga ta fito, ta tambaye ta ina zuwa.

"Wurin da in na ga rami zan ce rami ne."

Mai shagon kayan yara ta ba ta katifa a ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen takalman jarirai. Daga nan take tashi kullum ta je gareji, tana wanke wa bakanike motoci, yana rage mata a kan abin da ya nema. Har yanzu ba ta kai ba.

A gidan kuwa ba wanda ya je neman ta. An dai yi zama a falo an tattauna, aka gano inda matsalar take. In baƙo ya zo ya tambayi ina shuɗiyar motar nan, Baba yakan ƙara rediyo, Manaja ya ce ƙaddara ce. In ya tambayi ina Auta, sai Umma ta girgiza kai ta ce yarinyar kirki ce, sai dai ba ta da haƙuri.